Asibitin Masu Mantuwa a Ikeja: Likitar Ta Ci Kuɗinta, Gwajin Gado Kuwa Sai An Yi Hattara

Mahaifinmu ya shafe sama da shekara arba'in yana fataucin goro a Agege, kuma duk wanda ya yi hulɗa da shi zai shaida cewa mutum ne da ba ya rubuta bashi, domin huhu nawa aka ɗora wa motar Kano, da wanda ya karɓa ya biya rabi, da wanda ya ce sai bayan Sallah, duk a kansa suke. Da ya fara mance sunayen jikokinsa, yana maimaita tambaya ɗaya sau huɗu kafin azahar, sai muka ce gigin tsufa ne, muka ci gaba da lallaɓa shi kamar yadda kowa yake lallaɓa nasa tsohon. Abin da ya kai mu asibiti shirun da ya biyo baya ne. Ya daina fita majalisar ƙofar masallaci, ya daina kunna rediyon da a da ko cikin barci hannunsa yana kansa, kwanon tuwo yana komawa ɗakin Inna kamar yadda aka kawo shi, sannan wata rana bayan sallar asuba na same shi zaune a kan buzu yana hawaye, da na tambaye shi sai ya ce, "Na zame muku nauyi, gara Allah Ya ɗauke ni." A rayuwata ban taɓa jin irin wannan magana daga bakinsa ba, ko a shekarar da gobara ta cinye masa rumfa.

Wurin da aka fara ba mu shawarar zuwa shi ne asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Yaba, wanda yake nan tun 1907, sai kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba. Baba yana jin an ambaci Yaba ya ce shi ba mahaukaci ba ne, kuma wanda ya zauna a Legas ya san cewa a bakin mutanen gari sunan unguwar kaɗai ya isa a fahimci abin da ake nufi. Wannan ba laifin asibitin ba ne, tsohon tabo ne da ke zukatan jama'a, amma tsoho mai ƙuncin rai ba a ja masa a kan irin wannan. Daga ƙarshe muka kai shi wani asibiti mai zaman kansa a yankin Ikeja, wanda yake da sashe na musamman domin tsofaffi masu ciwon mantuwa, kuma yake tallar gwajin ƙwayoyin halittar gado tare da sauran ayyukansa. Mun kai wata takwas muna zuwa, saboda haka abin da zan faɗa ba na ziyarar rana ɗaya ba ne.

Wurin yana da tsafta, babu matakala tsakanin ƙofa da ɗakin likita, akwai keken guragu a bakin shiga, kuma janareto yana tashi da zarar an ɗauke wuta. Ana ba da lokaci ta waya, galibi kuma ana cika shi. Wurin alwala ne babu, sai da na riƙa zuwa da butarmu, ko da yake mai gadi ya nuna mana wani lungu mai inuwa inda Baba yake yin azahar.

Inda asibitin ya burge ni shi ne ganawar farko da likitar, wata Bayarabiya mai matsakaitan shekaru wadda ta ƙware a kan lafiyar ƙwaƙwalwar tsofaffi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kira shi Baba, ta kuma zauna da mu fiye da awa ɗaya ba ta duba agogo ba. Baba yana jin Yarabanci sosai, amma tun da ciwon ya kama shi ya koma Hausa zalla, don haka aka kira wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kaduna ta yi tafinta, likitar kuma ta roƙe ni da in yi shiru, domin ta lura ina riga shi ba da amsa. A cikin gwajin akwai inda ake miƙa wa mutum takarda a ce ya zana agogo ya nuna ƙarfe kaza. Baba ya riƙe biron yana kallon takardar, ya ɗago ya kalle ni, na ga kunya ta rufe shi, domin shi karatunsa na allo ne da ajami, lokacinsa kuma da kiran salla yake auna shi. Likitar ba ta rubuta cewa ya faɗi ba. Ta janye takardar, ta tambaye shi ya jero mata salloli biyar da raka'o'insu, ya lissafa dabbobin da ya sani cikin minti ɗaya, ya bayyana mata hanyar da ake bi daga gidanmu zuwa kasuwa, sannan ta ba shi lissafin cinikin goro. A nan ne aka ga inda ɓarnar take da inda ba ta kai ba, domin raka'o'i ba su kuɓuce masa ba, amma lissafin da a da yake yi kafin mai kalkuleta ya gama dannawa ya tsaya masa a tsakiya.

Bayan haka ta ware ni da Inna ta yi mana tambayoyi daga wani ma'auni da ake kira na Cornell, wanda aka wallafa a 1988 musamman domin gano ciwon damuwa a jikin masu mantuwa. Abubuwa 19 yake dubawa, irin su barci, cin abinci, ramewa, saurin fushi, da maganganun fid da rai, hikimarsa kuwa ita ce ba ya dogara da bakin majinyaci kaɗai, tun da mai mantuwa yana iya yin kuka da asuba ya ce maka lafiya lau da hantsi, kuma ba ƙarya yake yi ba. Ta bayyana mana cewa akwai bambanci tsakanin mutuwar jiki irin ta mai mantuwa, wanda ba ya sha'awar komai amma ba ya jin zafin komai, da ciwon damuwa na ainihi wanda yake tafe da ƙunci da zargin kai, kuma hawayen Baba da kalmar "nauyi" su ne suka nuna mata na biyun. Ta sa aka duba jininsa domin ganin aikin maƙoƙon wuya, da sinadarin B12, da sukari, saboda matsala a ɗayansu tana iya kwaikwayon cututtukan biyu.

Sai ta ɗauko farar takarda ta fara zana bishiyar danginmu. Da ta tambaya ko akwai mai ciwon damuwa a dangi, dukanmu muka ce babu. Ba ta musa ba, sai ta sauya tambayar, ta ce ko akwai wanda ya taɓa ƙaurace wa mutane na tsawon watanni, ko macen da ta haihu ta ƙi ci ta ƙi sha, ko wanda aka ce an yi masa sammu ko iska ta taɓa shi. Nan take Inna ta tuna Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda bayan haihuwarta ta uku ta yi kusan shekara a ɗaka ana yi mata rubutu da hayaƙi, ta kuma tuna cewa shi kansa Baba, bayan rasuwar mahaifinsa tun muna ƙanana, ya yi wata uku bai je kasuwa ba, ana cewa zazzaɓi ne. Cikin kwata ɗaya na awa, da biro da takarda, likitar ta tono abin da danginmu suka binne shekara talatin a ƙarƙashin wasu sunaye. Ta ce wannan yana da muhimmanci ta fuska biyu. Ciwon damuwa yana bin jini zuwa wani mataki, domin binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado yana da kimanin kashi 37 cikin 100 na abin da ke bambanta mutane a kansa, saura kuma na rayuwa ne da abin da mutum ya gamu da shi. Sannan mutumin da ya taɓa yin ciwon a ƙuruciya, ko yake da shi a dangi, ya fi saurin sake faɗawa cikinsa idan mantuwa ta zo, saɓanin wanda damuwar ta fara bayyana masa a karon farko da tsufa, wadda sau da yawa takan samo asali daga lalacewar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, musamman ga mai hawan jini, ko ta zama alamar farko ta mantuwar kanta.

Da a nan aka tsaya, da yabo kawai zan rubuta. Amma a hanyarmu ta fita, wata budurwa da ke zaune a teburin wani kamfanin gwaje-gwaje da asibitin yake haɗin gwiwa da shi ta tare mu da ƙasida mai ƙyalli, ta ce da tofa yawu kaɗan a kwalba za a gano ko damuwar Baba ta gado ce, a gano maganin da zai yi masa aiki ba tare da gwaji-gwaji ba, a kuma gaya mana ko mu 'ya'yansa muna cikin haɗari. Yayanmu, wanda yake sana'ar canji kuma shi ne yake ɗaukar yawancin nauyin jinyar, bai yi wata-wata ba ya biya, kuɗin kuwa ya ninka na ganin likita sau da yawa. Likitar ba ta nema ba, ba a kuma tambaye ta ba, wannan kuwa shi ne babban aibin tsarin wurin, wato a ajiye teburin talla a kan hanyar mutanen da suka fito daga jin labari mai nauyi, a lokacin da za su sayar da gona ma idan aka ce musu akwai amsa. An ce mana mako shida, sai da muka yi sha ɗaya, saboda ƙasar waje ake aika samfurin. Abin da ya dawo kundi ne da Turancin likitoci, cike da jadawali masu launin ja da kore, babu wanda aka tanada ya zauna da mu ya fassara shi.

Ni ma'aikacin ofis ne, ina karanta Turanci, kuma na ɗauki makonni ina bin kundin shafi-shafi kafin ranar komawarmu, don haka bari in faɗi abin da na fahimta, wanda likitar ta tabbatar mini daga baya. Sashen da ya shafi damuwa ya jingina ne a kan wasu 'yan ƙwayoyin gado, mafi shahara a cikinsu shi ne wanda yake sarrafa jigilar sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa. Wannan ƙwayar ta yi suna tun 2003, lokacin da wani bincike daga ƙasar New Zealand ya nuna kamar masu gajeren nau'inta sun fi faɗawa damuwa idan masifa ta same su. Sai dai a 2019 an sake duba irin waɗannan ƙwayoyi 18 da aka daɗe ana dangantawa da ciwon, a cikin dubban ɗaruruwan mutane, ba a sami hujjar da ta tabbatar da su ba. A shekarar 2019 ɗin dai wani babban bincike a kan mutane sama da 800,000 ya gano wurare 102 a cikin ƙwayoyin halitta masu alaƙa da damuwa, kowanne da tasiri ɗan mitsitsi. Ma'ana, babu wata ƙwaya guda da za a nuna da yatsa a ce ga uwar ciwon, sai dai tarin ƙanana da ake haɗawa a fitar da maki, makin kuma yana da ɗan amfani wajen nazarin al'umma, amma bai isa ya gaya wa mutum ɗaya makomarsa ba. Kamfanin ya sa wa Baba jan launi a wannan sashe. A ƙasan shafin, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa an kwatanta makinsa ne da na mutanen da asalinsu Turai. Mafi yawan manyan binciken gado a duniya a kan Turawa aka yi su, kuma sananne ne cewa irin wannan maki yana rasa yawancin ƙarfinsa idan aka ɗora shi a kan ɗan Afirka, nahiyar da ta fi kowace bambancin ƙwayoyin halitta. An auna Bahaushen Agege da mudun wata kasuwa, aka kuma karɓi kuɗi cikakke.

Sashen da ya tayar mana da hankali shi ne na APOE, ƙwayar da ke kan kuromosom na 19, wadda take zuwa da nau'i uku, e2 da e3 da e4, kowane mutum yana gadon ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Tun 1993 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka nuna cewa e4 tana ƙara haɗarin cutar Alzheimer, ɗaya daga cikin cututtukan mantuwa, kuma a tsakanin Turawa mai kwafi ɗaya haɗarinsa yana ninkawa sau biyu zuwa uku, mai biyu kuwa sau takwas zuwa sama. Baba yana da e4 guda ɗaya. Yaya ya karanta wannan layin a daren da kundin ya iso, ya kira ni wajen ƙarfe ɗaya yana tambayata ko na lura shi ma ya fara mance inda ya ajiye makulli. Da muka kai wa likitar, sai na ga ranta ya ɓaci, ba da mu ba. Ta ce da an tambaye ta, da ta fara ba mu labarin Ibadan. Tun daga 1992 Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiana ta Amurka suka fara bin tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indianapolis da ma'auni iri ɗaya, aikin da marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi da Hugh Hendrie suka jagoranta. Sakamakon 2001 ya nuna cewa yawan masu kamuwa da mantuwa a shekara a Ibadan bai kai rabin na Indianapolis ba, kuma duk da cewa e4 tana da yawa a tsakanin Yarabawa, rahotannin farko ba su ga alaƙa tsakaninta da cutar ba. Sai bayan an daɗe ana bibiya alaƙar ta bayyana ga masu kwafi biyu, ita ma ba ta kai ta Amurka ƙarfi ba. Ta ƙara da cewa Yarabawa aka bincika, ba Hausawa ba, amma ko ba komai Ibadan ta fi Turai kusa da Agege. Game da ko e4 tana jawo damuwa ga mai mantuwa, ta ce binciken da aka yi ya ci karo da juna, wasu sun ga alaƙa wasu ba su gani ba, don haka ba ta gina magani a kansa.

Akwai kuma abin da ban lura da shi ba sai daga baya. A cikin takardun da Yaya ya sa wa hannu a tsaye akwai sakin layi da ya ba kamfanin izinin ajiye samfurin Baba da amfani da bayanansa wajen bincike. Ba a karanta wa Baba ba, ba a fassara masa ba, alhali yawunsa ne, kuma abin da ke ciki ya shafi 'ya'yansa tara da jikokinsa, waɗanda ba wanda ya tambaye su ko suna son sani. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya da na gado cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Na rubuta wasiƙar janye izinin, an amsa mini bayan tuni biyu.

Don a yi adalci, shafi ɗaya na kundin ya yi ɗan amfani, wato wanda ya duba yadda hantar Baba take narkar da magunguna ta hanyar sinadaran CYP2C19 da CYP2D6. Wannan fanni ya fi na hasashen ciwo tushe, domin wanda hantarsa take jinkirin narkar da maganin damuwa irin su citalopram yana iya tara shi a jini, shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta taƙaita shi ga miligiram 20 a rana ga irin waɗannan mutane da kuma duk wanda ya haura shekara 60, saboda illarsa ga bugun zuciya. Na Baba ya fito daidai. Likitar ta ce ta ji daɗin sani, amma ko babu shi da ƙaramin awo za ta fara, kamar yadda take yi wa kowane tsoho. Shafin yana nuna yadda jiki yake fitar da magani ne, ba ya nuna ko maganin zai yaye ƙunci, wanda shi ne abin da budurwar teburin ta yi mana alkawari.

Gaskiyar likitar a kan maganin kansa ta ƙara mata daraja a idona. Kafin ta rubuta wa Baba maganin damuwa mai suna sertraline ta gaya mana cewa a 2011 an yi wani babban gwaji a Ingila a kan masu mantuwa 326 da suke da damuwa, aka ba wasu sertraline, wasu mirtazapine, wasu ƙwayar da babu magani a ciki, bayan mako 13 duka rukunan uku suka sami sauƙi kusan daidai, sai dai masu shan maganin sun fi samun illa. Ta ce ta yanke shawarar gwadawa ga Baba ne saboda tsananin halin da yake ciki da maganar mutuwa, da kuma tarihin da bishiyar dangi ta nuna, ba saboda jan launin kundin ba. Sauran abin da ta rubuta ba na kantin magani ba ne. Ta sa aka janye masa a hankali wata ƙwayar barci da muke saya masa a kemis ba tare da takardar likita ba, wadda ashe tana ƙara masa ruɗewa. Ta daidaita masa maganin hawan jini. Ta tura mu gwajin kunne, aka gano ba ya ji sosai da na hagu, wanda shi ne ɓangaren da abokansa suke zama a majalisa, kuma rashin ji da kaɗaici da damuwa da hawan jini duk suna cikin abubuwa 14 da kwamitin mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa a 2024 a matsayin waɗanda ake iya gyarawa cikin masu jawo mantuwa. Ta kuma ce a mayar da shi rumfa kullum da safe ko da awa biyu ne, ba domin ciniki ba, a ba shi goro ya riƙa tsincewa.

Ga wanda yake da tsoho mai mantuwa da ya shiga irin wannan shiru, ina ganin ganawa da wannan likita ta cancanci kuɗinta da wahalar cunkoson hanyar Agege zuwa Ikeja, musamman idan aka nemi ranar da ma'aikaciyar jinyar mai jin Hausa take aiki, aka kuma tafi da dattijuwar da ta san tarihin dangi, domin mu maza ba mu riƙe irin wannan. Teburin gwajin gado kuwa a wuce shi sai likita ta nema da bakinta. Ta gaya mana cewa inda take neman sa shi ne gidan da mantuwa take kama mutane tun kafin shekara 65, uba da ɗa da jika, domin a nan ne ake zargin ƙwayoyin gado na APP da PSEN1 da PSEN2, waɗanda masu kamuwa ta dalilinsu ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na masu cutar Alzheimer ba, kuma ko a nan sai an zauna da iyali an yi musu bayani kafin a ɗauki samfur. Na shigar da ƙorafi a rubuce a kan wurin da aka ajiye teburin, manajan ya karɓa da ladabi, amma a zuwanmu na makon jiya yana nan inda yake.

Mantuwar Baba ba ta tsaya ba, jiya ma ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu. Amma yana cinye tuwonsa, na'urar ji tana kunnensa na hagu, kuma da safe yaron rumfa yana shimfiɗa masa tabarma ya zuba masa goro a faifai, shi kuma ya riƙa ware fari daga ja, yana jefar da mai tsutsa gefe ba tare da ya ko kalle shi sau biyu ba. Ranar Talata mai zuwa za mu koma a sake duba awon maganin, Yaya kuma ya ce zai biyo mu, yana so ya ga likitar shi kaɗai a kan maganar makullinsa.